Idan tanka ta kife a Telwa, wa zai kira wa?

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Agadas ya nufi Timiya ko Tabelot ya san Dabaga. Kimanin kilomita 45 ce daga birni, cikin gundumar Cirozerin, a bakin koramar Telwa. Bayan duwatsu da ƙura sai ido ya faɗa kan kore: albasa, tumatir, alkama, masara, dabino. Lambunan nan ba kogi ke shayar da su ba, don Telwa ba ta gudu sai an yi ruwa a duwatsun Abzin, shi ma na ƴan kwanaki. Abin da ke riƙe da su shi ne ruwan da ya nutse cikin yashin korama ya kwanta a ƙasa, wanda ake jawowa daga rijiyoyi marasa zurfi, a da da raƙumi ko sa a bakin tekarkart, yanzu galibi da injin ban-ruwa. Rijiyar da ake shayar da albasa, daga irinta ake sha, daga irinta ake ba awaki.

Yashi ba ya tace guba yadda mutane ke zato. Abin da ya zube a bisa, in dai ruwa ne, ƙasa zai bi, kuma inda ruwan sha yake kusa da fuskar ƙasa, tafiyar ba ta da nisa. Idan korama ta zo kuma sai ta kwashi abin da ta tarar ta yi gangare da shi, kuma gangaren Telwa birnin Agadas ne. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, daren da ruwan Telwa ya fasa madatsa ya shigo unguwanni ya rusa dubban gidaje, bayan ya lalata lambunan da ke kan hanyarsa. Wannan ruwa ne kawai, ruwan Allah. Ku ɗora masa lodin gazuwal na sitarne guda, ko buhunan siyanur, ku sake lissafi.

Na san wani zai ce: to me ya haɗa Dabaga da maganar iyaka, garin da ke tsakiyar Abzin, ɗaruruwan kilomita daga Asamaka? Abin da ya haɗa su shi ne kayan da ke yawo a jihar. Tun 2014 da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, jihar Agadas ta zama hanyar kayan da ba ta saba gani da wannan yawa ba. Ana ɗauko dutse a buhuna a kai wuraren niƙa da wankewa, ciki har da gefen Agadas da Arlit da yankin Tabelot, kuma wankin zinariya da zaiba da siyanur ake yin sa. Ba a Nijar ake ƙera ko ɗaya daga cikinsu ba, sai sun ƙetaro iyaka ɗaya ko biyu kafin su iso. Haka nakiyar fasa dutse. Haka esansi da gazuwal da ke shigowa daga Aljeriya da Libiya cikin duro da jarkoki a bayan motocin da kowa ya san yadda ake loda su. A yammacin Dabaga kuma ga babbar hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gina don uraniyom, inda shekara da shekaru farar wuta da sauran sinadarai ke hawa arewa, garin uraniyom kuma yana sauka kudu cikin duro. Kaya ne na ƙasashe da yawa, direbobi na ƙasashe da yawa, takardu cikin harsuna da yawa. Ranar da ɗaya ya kife, mai lambun da abin ya zube kusa da rijiyarsa shi kaɗai ne ba shi da inda zai gudu.

Tambayar da muke yi mai sauƙi ce. A minti talatin na farko, wa zai kira wa? Wa ya san abin da ke cikin motar? Wa ke da ikon cewa a daina jan ruwa daga rijiyoyin da ke gangare, kuma wa zai kawo wa mutane ruwan sha a madadinsa? Likitan da ke asibitin karkara ya san alamomin wanda ya shaƙi siyanur? Idan mai kayan yana Tamanrasat ko Lome ko Kano, ta wace hanya za a same shi a daren, kuma wa zai biya?

Kada wani ya ce muna kiran masifa. Masifar ta riga ta zo sau da yawa, mantuwa ce ke damunmu.

Daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Mutane suka taru da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka mutu nan take, wasu suka cika a asibiti daga baya. A babban birni ke nan fa, inda ƴan kwana-kwana da manyan asibitoci suke. Ranar 15 ga Oktoba 2024 aka sake ganin irinsa a Majiya ta jihar Jigawa, tankar da ta taso daga Kano, mutum fiye da 150. Wata uku bayan nan, 18 ga Janairu 2025, a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, fiye da 80. Kowane lokaci sai mu ji magana ɗaya: kwaɗayi ne, jahilci ne, me ya kai su? Wannan maganar tana da arha. Mutumin da litar esansi ta fi ƙarfin aljihunsa, ya ga tana malala a kwalbati, zai je, a Yamai ko a Jigawa. Abin da ke hana shi mutuwa shi ne a samu wanda zai iso kafin taron ya haɗu, ya ja igiya, ya kashe injuna, ya kori mutane nesa. Tururin esansi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwari da lambatu, kuma tartsatsin babur ko janareta ya ishe shi. Mutum nawa cikin waɗanda suka mutu aka taɓa gaya wa wannan da harshen da suke ji? Jandarman da ya fara isowa, an taɓa koya masa tazarar da zai tsayar da jama'a?

A ɓangaren uraniyom ma akwai tarihi. A Janairu 2004 motar da ke ɗauke da shi ta yi haɗari a yankin Doso, mutum biyar suka mutu, kayan ya zube a hanya. A Disamba 2010 bangon tafkin dagwalon Somair ya fashe a Arlit, aka yi maganar lita 200,000 na gurɓataccen ruwa da ya malala. A Fabrairu 2017 wata motar uraniyom da ta taso daga Nijar ta kife a Dasa, cikin ƙasar Benin, a kan hanyarta ta zuwa Kwatano. Ku lura da wannan na ƙarshe: kayanmu ne, daga ƙasarmu, amma ƴan kasuwa da ƴan makarantar wata ƙasa ne ke tsaye a gefen titi suna kallo. Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 ta bar tarin dagwalo da aka ƙiyasta da tan miliyan 20 a Akokan. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit ta shafe fiye da shekara ashirin tana magana a kan irin waɗannan abubuwa, lokacin da maganar ba ta da farin jini. A Yuni 2025 gwamnati ta mayar da Somair hannun ƙasa. To, wanda ya karɓi saniya ya karɓi igiyarta. Daga yanzu duk duron da ya fita daga Arlit, ta kowace hanya zai bi ya kai teku, amsar abin da ya same shi a hanya tana wuyanmu, ba mu da wani baƙo da za mu nuna da yatsa.

Amma inda maganar iyaka ta fi fitowa fili shi ne bututun ɗanyen mai. Ya taso daga Agadem, ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maradi, Tawa da Doso, ya ƙetare kogin Kwara a wajen Gaya, ya ratsa Benin har tashar Seme a bakin teku. Kusan kilomita 2,000, an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana, kamfanin WAPCO na CNPC ke tafiyar da shi. An loda jirgin farko a Mayu 2024. Wata guda bai cika ba rikici ya tashi: Benin ta kama ƴan Nijar biyar a Seme, Yamai ta rufe famfo. A tsakiyar Yuni na wannan shekarar aka fasa bututun a yankin Tesker, ƙungiyar FPL ta ce ita ta yi, ɗanyen mai ya kwarara a ƙasar makiyaya. A Disamba aka sake kai masa hari a wajen Gaya, hukumomin Yamai suka ɗora alhakin a kan Lakurawa suka kuma zargi Najeriya, Abuja ta musanta. Fasa bututu laifi ne a kan makiyayi da manomi kafin ya zama laifi a kan gwamnati, kuma ba mu da wani uzuri da za mu ba duk wanda ya yi shi, ko da wace tuta ya ɗaga. Sai dai Allah wadai ba ta kwashe mai daga ƙasa.

Yanzu ku buɗe taswira ku dubi Gaya. A nan kogi shi ne iyakarmu da Benin, Malanbil na tsallake ana hango ta. Ƴan kilomitoci kaɗan a gangare kogin ya shiga jihar Kebbi, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. Idan bututu ya fashe a nan lokacin da kogi ya cika, cikin awoyi man zai taɓa gaɓar ƙasashe uku: gonakin shinkafa, komar masunta, mashayar shanu, famfunan da ke jan ruwan sha. Kuma waɗannan ƙasashe uku su ne waɗanda dangantakarsu ta fi tsami tun 26 ga Yuli 2023. Gadar Gaya da Malanbil a rufe take daga ɓangarenmu, mutane da kwale-kwale suke ƙetarewa. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, kuma a cikinmu ma ba baki ɗaya muke ba. Amma ko mai goyon bayan AES ɗari bisa ɗari ya yarda da abu guda: ɗanyen mai ba ya tsayawa a shingen duwan. Idan perefen Gaya sai ya rubuta wa gwamna, gwamna ya rubuta wa minista, minista ya nemi ma'aikatar harkokin waje ta aika takarda Kwatano da Abuja, kafin amsa ta dawo masuntan Kebbi sun riga sun ga baƙin ruwa da idonsu.

Wasu ƙasashe sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel na Suwizalan. An kashe wutar, amma ruwan da aka kashe ta da shi ya wanke tan-tan na maganin ƙwari ya zuba cikin kogin Rayin, kifi ya mutu har ɗaruruwan kilomita cikin Jamus, kuma ƙasashen da ke gangare suka yi ƙorafin cewa ba a sanar da su da wuri ba. Daga nan suka ƙarfafa tsarin gargaɗi a tsawon kogin, tasha na sanar da tasha. Ku riƙe wannan na ruwan kashe gobara, don ya shafe mu kai tsaye: a wuri irin Telwa, ɗan kwana-kwanan da ya feshe motar sinadari da ruwa ba tare da an tare inda ruwan zai bi ba, ya tura gubar cikin rijiyoyi da hannunsa, da kyakkyawar niyya.

Na biyun ya fi kama da halinmu, don na zinariya ne. Ranar 30 ga Janairu 2000 madatsar dagwalon wani kamfanin zinariya ta fashe a Baya Mare ta ƙasar Romaniya. Kimanin mita kubik 100,000 na ruwa mai siyanur ya bi ƙananan koguna ya shiga Tisa a Hangari, daga nan ya faɗa Danub. Fiye da tan dubu na kifi ya mutu. Abin da ya tsare mutane shi ne labari ya riga gubar isa: garuruwan da ke gangare sun san ranar da za ta iso, suka rufe famfunan jan ruwa har ta wuce. Kiran waya da awon ruwa ne suka yi wannan aikin.

Amurka da Meziko kuwa, waɗanda ba su taɓa daina faɗa a kan iyakarsu ba, tun 1983 suka sa hannu a yarjejeniyar La Paz wadda ta ware kilomita 100 a kowane ɓangaren iyaka a matsayin yankin da za su kula da muhallinsa tare. A ƙarƙashinta garuruwan da ke fuskantar juna suka rubuta shirin gaggawa na haɗin gwiwa, gari da gari, suna atisaye tare. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, don mu ma haka iyakarmu take: Gaya da Malanbil, Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Difa da Damasak, Asamaka da In Gezam. Mafi yawansu ma harshe ɗaya suke ji, suna auren juna, suna cin kasuwar juna. Sarakunansu na gaisawa. Abin da ya rage shi ne a ba shugaban ƴan kwana-kwanan Ƙonni izini a rubuce ya kira takwaransa na Illela ba tare da tsoron a ce ya yi hulɗa da ƙasar waje ba.

Kuma ba daga sifili za a fara ba, wannan ne ma abin haushin. Hukumar raya kogin Kwara, ABN, mai ƙasashe tara, hedikwatarta a Yamai take, kuma Benin da Najeriya duk mambobi ne. A 2008 shugabanninta suka amince da kundin ruwa na kogin. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 take, ita ma a Yamai. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan ruwan da suke rabawa, har da Gulbin Maradi da Komadugu Yobe. Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba Afirka, an yi ta ne bayan abin da ya faru a Koko ta Najeriya a 1988, inda aka jibge durorin guba daga Italiya a filin wani bawan Allah. Ba ta hana jirgin Probo Koala zubar da nasa a Abijan a 2006 ba, inda mutum kusan 100,000 suka nemi magani, wanda ke nuna iyakar abin da takarda ke iya yi ita kaɗai. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba ma Nijar na ciki. A cikin gida muna da dokar muhalli ta 1998 da dokar binciken tasirin ayyuka kan muhalli ta 2018, muna da BNEE, muna da hukumar kare fararen hula. Najeriya na da NOSDRA tun 2006, hukumar da aikinta kawai malalar mai. Fita daga CEDEAO ba ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gidajen suna nan, ma'aikata na karɓar albashi, ana taruka a otal. Abin da muke nema shi ne ya sauko ya zama lambar waya a bangon ofishin komin na Dabaga.

Shirin gaggawa ba wani abin al'ajabi ba ne. Farkonsa sanin abin da ke wucewa: wane kaya, ta wace hanya, sau nawa, kuma ina hanyar ta kusanci rijiya, korama, kasuwa ko makaranta. Motocin da ke bin ƙa'ida suna ɗauke da allo mai ruwan lemo da lambobi. 1203 esansi ke nan, 1202 gazuwal, 1267 ɗanyen mai, 1689 siyanur. Lambobi huɗu ne da ɗan sakandare zai haddace a zama ɗaya, kuma suna iya raba mutum da ajalinsa, domin abin da ake yi wa ɗaya ba shi ake yi wa ɗaya ba. Siyanur idan ya haɗu da asid ko ya jiƙe yana fitar da iskar da ke hana jiki amfani da numfashin da ya shaƙa, tana kashewa cikin mintuna. Zaiba ita ba ta gaggawa, tana zama cikin laka shekaru, ta shiga jiki ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi cutar da ɗan da ke ciki. Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce ya tambayi mutanen Bagega da Dareta a Zamfara, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, kuma sai da likitocin MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara kafin a gane abin da ke faruwa.

Bayan sani sai kayan aiki a kusa: yashi da buhuna da shebur na tare malala, tankunan ruwan sha, safar hannu da abin rufe fuska, na'urar awon ruwa, maganin da asibitin jiha zai ajiye. A kogi kuma shingen da ke yawo bisa ruwa yana tare mai, a ajiye a Gaya, ba a Seme ko Yamai ba. Sai atisaye, sau ɗaya a shekara ko da na wuni guda ne, har kowa ya san fuskar wanda zai kira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce mana tsaro. Za a ce ba a bayyana ranar da ayarin uraniyom ko na nakiya zai tashi, a ƙasar da ake tare hanya. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi a buga jadawalin a Facebook ba. Amma akwai bambanci tsakanin ɓoye ranar tafiya da ɓoye wa likita da ɗan kwana-kwana abin da za su yi idan an kira su. A Apiyate ta ƙasar Gana, ranar 20 ga Janairu 2022, motar nakiyar ma'adinai ta kama wuta, mutane suka matso kallo da ɗaukar hoto, ta tashi da garin, 13 suka mutu. Sirrin da ke barin mutum ya matso kusa da irin wannan motar ba ya tsare kowa.

Za a kuma ce mafi yawan kayan da ke yawo a Abzin ba su da allo, ba su da takarda, na fasa-ƙwauri ne. Wannan ita ce matsala mafi wuya, kuma a nan ne nake ganin ya kamata hukuma ta yi abin da ba ta so. Direban da ya kifar da durorin siyanur na sumoga a cikin korama, abin da zai fara yi shi ne ya rufe da yashi ya gudu, don ya san in ya yi magana kurkuku ce. Kowace awa da ya yi shiru, gubar na ƙara nitsewa. Dole a samar da hanyar da mutum zai sanar ba tare da an fara da kama shi ba, ta hannun mai gari, ta hannun shugabannin masu haƙar zinariya, ta hannun ƙungiyar direbobi. A yi shari'ar daga baya. Na san wasu za su ce wannan sassauci ne ga masu laifi. Ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin kama direba ɗaya da ceto rijiyoyin ƙauye, na san wanda zan ɗauka.

Kuɗi fa? Dokokin ma'adinai da na man fetur sun tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu ga ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙowa. An daɗe ana kukan bashin wannan kaso. Idan ana biyan sa a kan lokaci, ɗan abin da za a cire a sayi kayan gaggawa a horar da mutane bai kai kuɗin motar alfarma ɗaya ba. Sauran kuma na masu kayan ne. Wanda ke cin ribar bututu, ko mahaƙa, ko wurin wankin zinariya, shi zai ajiye kuɗin jingina tun kafin haɗari, a asusun da ba sai an je kotu shekara goma ba kafin a taɓa shi. Wannan ya shafi kamfanin Sin, ya shafi na Kanada da ke Dasa ta Cirozerin, ya shafi SONIDEP da Somair da ke hannun ƙasa, ya shafi alhajin da ke da kwamin siyanur a bayan gari. Kishin ƙasa ba ya nufin a sassauta wa namu.

Mu da ke Yamai da Maradi da Damagaram muna karanta wannan a waya, albasar da ke cikin miyarmu wani lokaci daga Abzin take, haka lemun Timiya da ake sayarwa a bakin titi lokacin sanyi. Buhunan albasar nan suna kaiwa har kasuwannin bakin teku. Ranar da aka ce ruwan wata korama a Abzin ya gurɓace, ɗan kasuwar Abijan ba zai tsaya tambayar wace korama ba ce, zai daina sayen ta Agadas gaba ɗaya. Mai lambun Dabaga zai yi asara sau biyu, a rijiya da a kasuwa, a kan kayan da bai saya ba, bai sayar ba, ba a kuma tambaye shi kafin a bi da su ta ƙofarsa ba.

Tun Afrilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da komin-komin, babu kansilan da za a je a tsare a ƙofar gida. Saboda haka tambayar sai mu kai ta da kanmu, a rubuce, da ladabi, da sa hannu. Ƴan'uwa na Agadas, ku nemi ganin kantoman Dabaga da perefen Cirozerin da ofishin muhalli na jiha, ku roƙi a nuna muku shirin gaggawa na kayan haɗari da ya shafi Telwa, da ranar da aka yi atisayensa na ƙarshe. Ku kai kwafi fadar Sarkin Abzin, don maganar da ta fito daga can tana isa inda takardar ofis ba ta isa. Ku nemi gidajen rediyon karkara su ba da minti goma a mako, da Tamajak da Hausa, a kan lambobin nan huɗu da abin da ake yi idan an ga mota ta kife: a tsaya nesa ta inda iska ke tasowa, a kashe inji, kada a watsa ruwa, a kira 18, a aika mutum ya gaya wa masu rijiyoyin gangare. A wuraren da waya ba ta kamawa a cikin duwatsu, a san tun yanzu babur ɗin wa zai tafi. Na Doso da Gaya, ku yi wa WAPCO da gwamna irin wannan tambayar game da mashigar kogi, ku ƙara da cewa: sunan wa ke rubuce a Malanbil da Birnin Kebbi a matsayin wanda za a kira? Na Yamai, ofishin ABN da na hukumar haɗin gwiwa da Najeriya duk kuɗin taksi ɗaya ne daga jami'a.

Duk amsar da aka ba ku, ko takarda ce, ko alkawari, ko shiru, ku rubuta ranar da sunan ofishin ku turo mana. Za mu jera su jiha-jiha mu buga kafin ruwan farko ya sauka a Abzin.